Shingen Keranar Baba Katikis

Lewisham, 4 ga Maris, 1991

Yaya Rwang,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina gajiya, ina hidimar ikilisiya? Ina Tabitha da yara? Da fatan kowa lafiya.

Jikin Baba ba daɗi. Likitocin nan ƙasar Turawa sun ce ciwon ya riga ya ci hanta, mun kawo shi a makare. Na dawo da shi flat ɗina, ina jinyarsa in na taso aiki. Katikis ɗin da muryarsa ke cika cocin Angalika na Barikin Tsamiya, yau sai na kai kunne bakinsa.

Yaya, zauna kafin ka ci gaba. Ka san shingen keranar da ya raba maƙabartar bariki biyu. Baba ya dasa shi da hannunsa zamanin Turawan kuza, shekarar da Fadan Katolika ya buɗe makaranta ya kwashe masa rabin ɗalibai. Ya rantse ko gawarmu ba za ta haɗu da ta 'yan Katolika ba. Ka kuma san da Yaya Chundung ta auri malaminsu, ya hana mu kiran sunanta, har ta rasu wajen haihuwa aka binne ta a ɓangarensu, mu muna tsaye bayan shinge kamar baƙi.

To jiya ya kira sunanta. Shekara ashirin da shida ban ji shi a bakinsa ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ku kwantar da ni kusa da Chundung."

Hankalinsa garau, kada ka ce zafin ciwo ne. Ka je ka ga Fada.

Ƙanwarka,
Dokas

Lewisham, 2 ga Afrilu, 1991

Yaya Rwang,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyar gida. Wasiƙarka ta iso, na karanta sau biyu don ban yarda kai ka rubuta ba.

Wato dattawan coci sun riga sun ware masa wuri a gaban majami'a, Bishop da kansa zai zo. Wato kai Rabaran ne, ana maganar ɗaga ka, ba za ka tsallaka ka durƙusa wa Fada ba. Haba Yaya! Kujera ce ta fi maka uban da ya haife ka? Sai Tabitha ce ta yi ta maza ta je a ɓoye, Allah ya saka mata. Shi ma Fadan, in ji ta, cewa ya yi ƙasar maƙabartarsu keɓaɓɓiya ce, kuma tsofaffinsu ba su manta wanda ya kira su masu sujada ga gumaka daga kan bagadi ba. Kowa ya riƙe nasa, an bar tsoho a tsakiya.

Kullum yana tambayata ko amsa ta zo. Ina ce masa wasiƙun Najeriya ne ba sa sauri. Na gaji da yi masa ƙarya, kuma ina jin haushinka, gara in faɗa maka.

Dokas

Lewisham, 29 ga Afrilu, 1991

Yaya,

Ina yi mana gaisuwar rashi. Ka ji a waya cewa Baba ya huta ranar Talata da hantsi. Ga abin da ban faɗa maka ba.

Kwana biyu kafin nan ya gane da kansa cewa an ƙi roƙonsa. Ya ce in ba za a kai shi wurinta ba, kada a kai shi gaban coci a yi masa waƙa, don bai cancanta ba. Ya sa na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki na yi masa alkawari.

Saboda haka ka daina jiran gawa a filin jirgi. Na yi cancel ɗin booking. Mun binne shi ranar Juma'a a maƙabartar council, wato ta hukumar gari, mu bakwai, ana yayyafi. Maƙwabciyata Scholastica, 'yar Katolika, ita ta riƙe ni a bakin kabari. A nan layi ake bi, wanda ya zo a sa shi kusa da wanda ya riga shi. Na damansa wani tsoho ne ɗan Ayalan, ɗan Katolika, ga carbinsu rataye a jikin gicciye. Ba wanda ya tambaye mu cocinmu.

Ka faɗa wa dattawa duk abin da ka ga dama, ka ce ni ce mai taurin kai. Abu ɗaya nake roƙo. Na yanki gashin kansa kaɗan, yana cikin ambulan ɗin nan. Ka ba Tabitha ta kai wa Chundung, tunda ita ta san hanyar tsallaka shingen.

Ƙanwarka,
Dokas Bot