Mafarkan Innar Mai Kemis

Litinin, 3 ga Maris
An ba ni sabon layi yau, na sha bakwai. Wani mai kemis ne da ake zargin yana sayar wa samari maganin tari ta bayan fage. Kotu ta ba hukumarmu kwana talatin mu saurari wayarsa. Oga ya maimaita min doka kamar jiya na fara aiki: in hira ba ta shafi ƙwaya ba, minti biyu kawai, sai in danna maɓalli in katse. Shekarata shida a ɗakin nan, daga ni sai fanka mai kuka da tagar da ba ta buɗuwa. Ban taɓa wuce minti biyu ba.

Laraba, 5 ga Maris
Mutumin nan ba shi da wani labari. Odar auduga, odar sirinji, mita da mai gyaran firij. Amma kullum ƙarfe tara, yana buɗe shago, sai ya kira mahaifiyarsa. In sun gama gaisawa ya ce, "To Inna, ina aka je jiya?" Ita kuma ta kwashe mafarkinta ta ba shi. Yau wai kogi take hayewa a cikin tukunya, tana tuƙi da ludayi. Na katse tana tsakiyar ruwa. Har aka tashi aiki ina tunanin ko ta kai gaɓa.

Juma'a, 7 ga Maris
Minti huɗu. Yatsana ne ya yi nauyi.

Talata, 11 ga Maris
Na daina kallon agogo. Yau marigayi mijinta ne ya zo mata da takalmi ƙafa ɗaya, yana ta bincike a cikin akwatinta. Ɗan ya ce, "In ya dawo ki ce masa ya duba ƙarƙashin gado." Ta yi dariya har ta sarƙe. Irin dariyar Ummata ce sak, wadda ke ƙarewa da tari. Ita ma Umma mai ba da labarin mafarki ce, ni kuma kullum amsata ɗaya, "Umma, ina sauri, sai na dawo." Shekara uku ke nan da rasuwarta, kuma ko ɗaya ban riƙe ba. Ina kewarta, yau dai na faɗa.
A fayil na rubuta: kiran iyali, an katse.

Alhamis, 20 ga Maris
Na san gwiwarta ta hagu ce ke ciwo. Na san tana tsoron tsawa, tana da kyanwa mai satar kifi, ba ta shan magani sai an lallaɓa ta. Fuskarta ce ban sani ba, sai na ara mata ta Umma, har da tabon goshi. A bas nakan kalli tsofaffin mata ina jira wata ta yi tari.
Da azahar gyangyaɗi ya ɗauke ni a kujera. Na ga ɗakinmu ya cika da ruwa, fayiloli na yawo a kai, ga tukunyarta tafe a hankali. Ta wuce ni ba ta waiwayo ba.

Litinin, 31 ga Maris
Jibi wa'adin kotu zai cika. Oga ya ajiye min fom, gurbi biyu ne: a rufe layi, ko a ƙara kwana talatin. Tsakani da Allah babu komai a kan mutumin nan. Da kunnena na ji wani ya kira yana roƙon kwalba biyu, ya ce masa, "Kawo takardar likita, in ba haka ba kada ka wahalar da ƙafarka." Na daɗe riƙe da biro. In aka rufe, ƙarfe tara na jibi wa nake da shi?
Na cike gurbi na biyu. Na ce wa raina kwana talatin ba sa kashe kowa.

Laraba, 9 ga Afrilu
Na sani sarai layin da aka ƙara wa kwana sunansa kan shiga jerin 'yan samame. Na sani, na yi kamar na manta. Jiya suka je. Sun zazzage shagon a gaban masu sayen magani, sun sa masa ankwa, sun zaunar da shi a bakin titi har la'asar. Ba su sami ko ƙwaya ɗaya ba.
Abin da ya fi ci min rai, duk abin da ban katse ba na'ura ta adana shi, kuma sai da suka saurara kafin su fita. Yau a kantin ofis ɗayansu yake ba da labari ana ta dariya, wai ya tambayi mai kemis ko marigayi babansa ya ga takalminsa.
Oga bai yi faɗa ba. Ya dai dube ni ya ce, "Yatsan naki ciwo yake?"

Alhamis, 10 ga Afrilu
Ƙarfe tara ya kira. Muryarsa ta dishe. Ya ce, "Inna, kada ki ƙara ba ni mafarki a waya. Ana jinmu." Ta ce wane ne. Ya ce bai sani ba. Ina jin kukan kyanwar a gefenta. Can ta gyara murya ta ce, "To kai mai jinmu, ina kwana? Ka tashi lafiya? Ka dai karya ko?"
Na ce lafiya lau, Inna. A fili na faɗa. Abin kunnenmu ji kawai yake yi, ba ya kai magana.

Litinin, 14 ga Afrilu
Na kai wa Oga takarda cewa a rufe sha bakwai, kuskuren nawa ne. Ya ce na san abin da zai biyo baya? Na ce na sani.
Kafin a sa hannu layin yana nan a buɗe. Yau bayan gaisuwa da maganar gwiwa ta manta, ta fara, "Jiya kuwa sai na ga wata yarinya zaune a wani ɗaki..." Ban ji ko ɗan ya hana ta ba. Agogo ya nuna daƙiƙa hamsin, da sauran fiye da minti guda da doka ta ba ni.
Ina jin yatsana ne ya zame ya danna maɓallin.