Littafin da Ƙarshensa Ya Ɓata

Litinin, 7 ga Yuli

Wankin ƙoda na sha tara. Awa huɗu a kwance, allurai biyu a hannun hagu, inji yana ta gurnani a gefen kunnena. Da aka soka ko gezau ban yi ba. Nas ta ce, "Baba, kai dai ba ka da raki." Na ce mata wanda ya shekara talatin da biyu yana ɗinke littattafai, allura ba baƙuwarsa ba ce. Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 9 ga Yuli

Auta ta sake tayar da maganar. Ƙanwata, yarinyar da na riƙe tun tana shekara shida bayan rasuwar Baba, wai ita ce za ta ba ni ƙodarta ɗaya. Har ta je a ɓoye an duba jininta, irin nawa ne. Saura gwajin da sai mun je tare. "Yaya, ka saurare ni mana." Na ce a gidan nan ni nake bayarwa, ba a ba ni.

Likita ya ce wankin ba zai riƙe ni da nisa ba, zuciyata ta fara gajiya. To, na ji. Ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba, ba kuma da furfura zan fara ba.

Juma'a, 11 ga Yuli

Kallon silin ya ishe ni, sai na taho da littafi daga shago. Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: littattafai sun fi dubu goma sun bi ta hannuna, ban karanta ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Lambar shafi nake dubawa, in jera, in ɗinke, in shafa gam, in danne. Kuma ba wanda ya taɓa dawo min da aiki.

Wannan wani ne ya kawo gyara shekara takwas da suka wuce, bai dawo ba. Ba bango, ba suna, shafukan ƙarshe sun ɓata. Labarin wani magini ne. Juya shafi da hannu ɗaya ma aiki ne.

Laraba, 16 ga Yuli

Maginin nan mutumina ne. Rabin gidajen garinsu shi ya gina. Ruwa ya rushe masa ɗaki, maƙwabta suka taho da cebur da bokiti, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce su koma, hannunsa bai mutu ba. Da na zo wurin sai da na ce "Yawwa!" da ƙarfi.

Na gadon kusa da ni, tsohon hedimasta ne, shekararsa biyar a kan injin nan, ya ce in karanta masa abin da ya sa ni ihu. Na karanta. Ya taɓe baki ya ce, "Marowaci ne." Marowaci! Mutumin da ya yi wa marayu gini kyauta. Malaman makaranta dai sai a hankali.

Lahadi, 20 ga Yuli

Na shiga shago awa biyu. Wata mata ta kawo ƙamus ɗin mahaifinta, falle uku sun yage. Sabon shiga zai manna sabuwar takarda, ita kuwa ta fi tsohuwar ƙarfi, wata shida ta ƙara yaga ta. Ni sai in nemo littafi sa'ansa, in yanki farin fallen nan na baya wanda ba komai a kai, in yi faci da shi. Na gama, matar ta ɗaga shafin a haske tana neman wurin facin, ba ta gani ba. Har yanzu ni ne.

Juma'a, 25 ga Yuli

Yanzu kullum sai Hedimasta ya sa na karanta a bayyane, har nas tana laɓewa tana ji. Yau mun zo inda ƙanin maginin ya kawo masa katako a amalanke, ya sa ya mayar. Ƙanin ya zauna a kan amalanken yana kuka, ya ce shekara arba'in yana neman ranar da zai yi wa yayansa wani abu.

Na ce ragon namiji ne. Hedimasta ya ce, "Ka gane rowar yanzu? Komai ya bayar, ban da wannan." Na ce ruwa nake so in sha, na rufe littafin. Ruwan ma an ƙayyade min.

Litinin, 28 ga Yuli

Ban karanta ba. Na ce na manta tabarau. Yana aljihuna.

Laraba, 30 ga Yuli

Ban san abin da ya kai bakina ba, na ba Hedimasta labarin Auta. Da alfahari ma na faɗa, yadda na ce mata a'a sau uku.  Sai ya ce, "Mu bakwai ne a ɗakinmu. Ni da wani zai ce min ga shi, ko a baki ne, da na ji daɗi." Daga nan ya juya fuskarsa ga taga.

Asabar, 2 ga Agusta

Auta ta same ni a shago, ban taɓa ganin ta haka ba. Ta janyo aljihun teburin da nake tara fallayen faci ta dire a gabana. Nan ta girma, ta san komai. "Yaya, littattafan da kake yanko waɗannan daga jikinsu, akwai wanda ya taɓa rasa ko kalma ɗaya?" Na ce ke ba takarda ba ce, 'ya'yanki uku. Ta ce ta zauna da likita, ta zauna da mijinta, ta san haɗarin, kuma shekarunta arba'in da ɗaya, ba shida ba. "Ka sa na zama mutum, amma ka hana ni zama ƙanwarka."

Na ce ta rufe min ƙofa in za ta fita. Ta rufe a hankali, wannan ya fi min ciwo. Wa ya koya mata tsayawa a kan magana haka? Ni ne mana.

Laraba, 6 ga Agusta

Gadon Hedimasta akwai wani a kai. Nas ta ce shekaranjiya ne, a gida. Allah ya jiƙansa. Litinin ɗin ma da bai zo ba na ɗauka fushi yake da ni.

Na karanta sauran ni kaɗai. Shafi na ɗari biyu da shida ya ƙare maginin yana kwance da zazzaɓi a ɗakin da ba rufi, hadari ya haɗo, ana ƙwanƙwasa ƙofa. Shi ke nan, sauran babu. Na juya littafin, na girgiza shi kamar wani abu zai faɗo. Na ji haushin mutumin nan ƙwarai. Ka tashi ka buɗe mana, wawa kawai!

Lahadi, 10 ga Agusta

Na yi wa littafin bango. Baƙin yadi, ɗinki shida, mafi kyawun aikina a bana. A ƙarshe na ɗinka fararen fallaye huɗu, tunda ban san abin da ya faru ba. Daga tsohon littafin rubutun Auta na yanko su, wanda na ɗinka mata tana aji uku. Sa'o'in juna ne, launin ma ya zo ɗaya.

Alhamis, 14 ga Agusta

Mun je gwajin. Ban ce na yarda ba, gwaji ne kawai, kuma don ta bar ni in huta.

Ashe Auta tsoron allura take, ban taɓa sani ba. Tun kafin a taɓa ta ta runtse ido tana "Wayyo Allah, wayyo Yaya." Aka nemi jijiya aka rasa. Nas ta ce ko a bari ta huta. Auta ta share hawaye da gefen mayafi, ta naɗe ɗaya hannun rigar ta miƙa. Na ce wa nas, "Ƙanwata ce. Ni na rene ta." Ina jin sau biyu na faɗa, har mutanen da ke layi suka waiwayo.

Sakamako sai mako mai zuwa. Da za mu sauko matakala ta ce in kawo jakar ta riƙe min. Ba wani nauyi gare ta ba, littafin ne kawai da tabarau.

Na ba ta.