Taƙi Ɗaya a Gindin Ƙwallon

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara wa ƙafar nan taka sauƙi, ya kuma rage maka taurin kai ka riƙa dogara sandar da likita ya ba ka. Mu nan alhamdu lillahi. Babban ɗanka ya samu ƙaruwa, namiji, kunnuwanka sak ya ɗebo, Allah ya ba shi haƙurin zama da su.

Yaya, tsoro ne ya sa na ɗauki biro. Ka san Auta tana karatun digirinta na ƙarshe a jami'a, kan abin da ke gudana a cikin cikin duniya. Ta ce can ƙarƙashinmu narkakken ƙarfe ne ke ta juyawa saboda duniya tana juyawa, kuma motsinsa ne ke sa allurar kamfas ta nuna arewa. Wai rana ma cikinta haka yake tafasa yana murɗawa. Tunda ba mai iya zuwa ya leƙa, sai Farfesansu ya ce a ƙera ƙaton ƙwallon ƙarfe, ya fi ni tsayi, a cika shi a riƙa juya shi da inji. Da aka zo neman mai walda, Auta ta ce babanta ya fi kowa. Ni kuma kaina ya kumbura na karɓa.

Da ruwa suka fara gwada shi, Auta kuma ta kira ni na gani a allon kwamfuta. Da suka ɗiga shuɗin launi, maimakon ya baje sai ya miƙe tsaye kamar labule. Da aka ƙara gudu, labulen ya yayyage, ruwan ya hargitse yana dukan bango har daɓen ɗakin yana rawa a tafin ƙafata. Su suna ta murna, wai hargitsin nan suke nema. Ni kuwa gabana faɗuwa yake, domin Litinin mai zuwa za su zubar da ruwan su zuba wani narkakken ƙarfe da suke kira sodiyam. Auta da bakinta ta ce in ya haɗu da ruwa wuta yake kamawa, kuma ba a kashe ta da ruwa.

Ga inda gizo ke saƙar. Ran da nake ɗinkin gindin ƙwallon, wutar lantarki ta yi ƙasa ina tsakiyar layi. Na goge wurin na sake, yadda ka koya mini. Amma in na bi ɗinkin da ƙaramar guduma, ko'ina yana amsawa garau, sai taƙi ɗaya da ke amsawa dum, kamar tulu mai tsaga. Sati biyu ina dakon abin a raina. Da na ga ranar wanka ta zo ba a ɓoyon cibi, na je na faɗa wa Farfesa. Mutumin kirki ne, bai raina ni ba. Ya sa aka kawo na'urar da ke leƙa cikin ƙarfe, aka duba sau biyu, ta ce lafiya lau. Na ce a bar ni in yanke in sake. Ya ce wata uku zai ci, kuma wa'adin karatun Auta zai wuce kafin nan.

To kai ka ce mini kunne ba ya yi wa mai walda ƙarya, kuma ruwa ba ya tsami banza. Amma kunnen nan ya sha ƙarar injin yanka shekara talatin, maman yara ma sai ta kira ni sau uku nake ji. Shin tsaga nake ji, ko tsufa? Don Allah ka amsa mini da gaggawa, ka kuma kira 'yarka, tana jin maganarka fiye da tawa. Na roƙe ta ta bar wani ya zauna a teburin sarrafa injin, gilashi ɗaya ne kawai tsakaninsa da ƙwallon. Sai ta yi dariya ta ce ita ba na'ura ta yarda da ita ba, hannun babanta ta yarda da shi. Wallahi ban taɓa jin yabon da ya tsorata ni kamar wannan ba.

Jiya na koma na roƙi Farfesa alfarma ɗaya, ya amince. Ranar Litinin za a ajiye mini kujera tsakanin teburinta da gilashin. In ɗinkin zai buɗe, ya fara da wanda ya yi shi.

Ka gaishe da Goggo, da Kawu Tela, da Dogo da ƙannensa. Inna kuwa ka ce mata kowa lafiya, kada ka karanta mata sauran. Ku sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Mai Walda