Rumfar Gora Tana Jiran Hannunki

Zuwa ga Hamdiyya, sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, wadda muryarta ta fi mini ruwan randa daɗi a watan zafi. Gaisuwa mai tarin yawa daga Yako, daga mijinki Balarabe, wanda ya yi laifi kuma ya san ya yi. Ki miƙa gaisuwata ga Inna cikin ladabi, haka ma yayanki Hamma Jibrin, ko da har yanzu yana ɗaure mini fuska.

Yau mako bakwai ke nan da kika shiga motar Ubale kika nufi Falgore. In na kira ki, kina ɗauka, ki tambayi lafiyar kaji da awaki, sai ki kashe. Ni ba ki tambayar tawa lafiyar. Shi ya sa na ɗauki biro, tunda takarda ba a kashe ta.

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Tsakiyar damina ce, ina bakin rafin da ke bayan rugarku, ina saran gora kamar wanda ake kora. Kika zo wucewa da ƙwaryar nono a ka, kika tsaya kika dube ni, kika ce, "Malam, gorar damina kake sara? Ƙwari za su yi maka godiya." Na ji haushi, amma dariyarki ta bi ni har gida, kuma ba ta bar kunnena ba shekara ashirin da biyu.

Ban ji maganarki ba, don ni mai taurin kai ne tun asali. Da ɗanyar gorar nan na kafa miki rumfa a tsakar gida kafin a kawo ki. Wata uku bayan biki muna cin tuwo a ƙarƙashinta, garin gora yana zubo mana a miya, ƙwari sun huda ta ko'ina. Ba ki yi mini gori ba. Dariya kika yi har da hawaye, sannan kika koya mini abin da mutanenku suka sani: a sari gora da rani, wadda ta shekara uku, a jiƙa ta a ruwa har zaƙin da ƙwari ke bi ya fita, a shanya ta a inuwa. Muka sake kafawa tare, kina riƙewa ina ɗaurewa da igiyar rama. Yau mutane suna zuwa daga Kiru sayen kujeruna da gadajena suna kirana gwani. Da sun san wace ce malamata!

Dirka ɗaya ce ta tsira daga waccan rumfar ta farko, ta kusurwar gabas. Saboda ɗanya na kafa ta, sai ta yi saiwa ta fitar da ganye. Na so in tumɓuke ta, kika hana, kika ce ita ce shaidar wautata, a bar miki ita. Ta yaɗu ta cika kusurwar. Daga jikinta muka yi shingen lambunki, da tankar da kabewa da soso ke hawa, da akurkin kaji, da ɗan gadon da ɗanmu Zayyad ya kwanta a kai yana jariri. Ina ne a gidan nan babu ita? Ina ne babu ke?

To me ya shiga kaina, ya hasken gidana? Zolayar majalisa ce. Suka ce matan unguwa duk sun koma ƙarƙashin kwano, matar Balarabe ce kaɗai ke zama a ƙarƙashin sanduna. Na ji kunya, na ɗauka girmama ki zan yi. Kina tafiya suna Tudun Wada na kira mai walda, muka rushe rumfar, muka kafa ƙarfe, muka rufa kwano. Mai waldar ya ce ganyen gorar kusurwar gabas zai riƙa taruwa a kan kwanon, ni kuma da hannuna na ɗauki adda na sare ta har ƙasa. Kika dawo ina ta murmushi ina jiran yabo. Kika taɓa ƙarfen, kika dubi kusurwar gabas, kika shiga ɗaki kika fara ninke kayanki. Ninke kayan nan ya fi mini zagi ciwo, kuma har yau yana ci na.

Kwanon nan ko awaki ba sa zama a ƙarƙashinsa da azahar. Na cire shi, na ba Audu mai shayi. Na je wajen Doguwa na saro gora arba'in, tsofaffi, kafin ruwa ya sauka. Na jiƙa su a gefen tafkin Bagauda mako uku, na danne da duwatsu, na shanya su a inuwa yadda kika koya mini. Suna nan jingine da katanga. Na gwada kafawa ni kaɗai, ina ɗaure wannan waccan tana faɗuwa. Maƙwabta sun ce za su kama mini, na ƙi. Wa ya san tsawon rumfar nan in ba ke ba, da kike miƙa hannu sama ki ce, nan ya isa?

Ga abin da ya sa ban iya jira ba. Shekaranjiya aka yi ruwan farko. Yau da safe na je kusurwar gabas, na tarar da tsiro biyu sun fasa ƙasa a gindin da na sare, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba. Na durƙusa a wurin, na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Na kewaye su da ƙaya saboda awaki.

Ban ce ki yafe mini yau ba, Hamdiyya. Ki zo ki gan su kawai, don naki ne. Ubale yana tasowa daga Falgore ranar Lahadi, na roƙe shi ya ajiye miki kujerar gaba. In ba ki zo ba, zan sake roƙonsa Lahadi mai zuwa, da wadda ke bayanta. Igiyar tana hannuna, ba zan ɗaura ko ɗaya ba sai kin riƙe.

Naki tun daga bakin rafi har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Balarabe