Wutar Walda da Idon Akwati

Maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aikin hanya, ya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya, sai kewarka. Da akwai sabis a dajin da kuke da tuni na cika maka kunne, amma tunda babu, ga takarda ta hannun direban tankarku.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba, an zubar da jini tsakanin wanka Yaya da ƙanena Auta.

Ka tuna akwatin wasan da na haɗa wa Yaya da katakon tsohon kabad da tsohuwar talabijin ɗinmu? Ka yi ta yi mini dariya da na ce zan sa masa ido. Ɗan ƙwan fitila ne a gefe ɗaya na ramin da ake jefa kwabo, yana haska wani ɗan ido a ɗaya gefen. In kwabo ya wuce ya tare hasken, sai akwatin ya yi ƙilin, ya ba mutum wasa ɗaya. Ya yi aiki lafiya lau, har samarin layin suka hana Yaya cin abinci a zaune.

To kwanan nan akwatin ya koma rabon sadaka. Babu wanda ya jefa komai, sai ka ji ƙilin, ƙilin. Samarin suka lura duk lokacin da Auta ya kunna walda a shagonsa, wanda bangon kwano kaɗai ya raba shi da na Yaya, lokacin ake rabon. Sai suka shiga kwaso masa karyayyun kujeru da kekuna, har da mai karya kujerar gidansu da gangan. Shi kuwa Auta, bawan Allah, murna yake yi kasuwa ta buɗe.

Da Yaya ya gano, bai tambayi kowa ba. Ya faɗa shagon ya shaƙe shi da wuyan riga yana cewa, "Kai da yayarka kun haɗa baki, ita ta ɗaura, kai kana kwancewa." Ya kwaɗa masa mari har gilashin walda ya faɗi ya fashe. Auta ya ture shi, Yaya ya tafi da baya ya bugu da ƙarfen ƙofa, girarsa ta tsage, jini ya rufe masa fuska. Da ƙyar mai shayi da mai faci suka shiga tsakani.

Na je in duba akwatin, Yaya ya ce kada in sake taɓa masa kaya. Ni da na kwana biyu hayaƙin dalma na shiga mini hanci saboda shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wanka ne, sai na juya na fito. Ka rubuto masa, kai yana jin maganarka.

Ka gaida abokan aiki. Ka riƙa ɗaura bel ɗin bayan nan, na san halinka.

Taka,
Injiniyarka

Maigidana,

Ina gaishe ka, ina fatan takardata ta same ka lafiya. Kada ka tambayi tamu lafiyar.

Sun karya wa Auta hannu.

Da hantsi ne, ina teburina a tsallaken titi ina gyaran rediyo. Auta yana durƙushe kan wata ƙofar ƙarfe, Yaya ya shigo da abokansa biyu. Ɗaya ya maƙe masa wuya ta baya, ɗaya ya danne masa hannun dama a kan ƙofar, Yaya ya ɗauki rodi daga cikin kayan Auta ɗin. Na taho da gudu babu takalmi. Wanda ya maƙe shi ya kai mini gwiwar hannu a baki, leɓena ya fashe, na faɗi cikin guntayen ƙarfe. Ina ƙasa na ji saukar rodin. Bai yi ƙara ba, wallahi, kamar an taka busasshen kara. Ya ɗaga ya sake, ya sake. Auta bai yi kuka ba, amai ya yi. Da muka ɗaga hannun, yatsun kowanne ya kalli inda ya ga dama.

Yana asibiti. 'Yan sanda sun tafi da Yaya, manya suka je suka ce maganar gida ce, kafin la'asar ya dawo ya buɗe shago.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tun daga ranar, akwatin bai sake kyautar wasa ko ɗaya ba. Yaya yana tsaye a ƙofa yana ce wa duk mai wucewa, "Kun gani? Da aka taɓa ɓarawon ai cutar ta warke." Kuma an yarda. Har mai shayi, wanda Auta ya yi wa benci kyauta, ya daina haɗa ido da ni. Masu kawo masa aiki sun kwashe ƙofofinsu, mai shagunan ya ce Auta ya kawo makulli. Abokan Auta kuma sun zo da adda za su rama, sai da na zauna a bakin ƙofa na ce sai dai su fara da ni.

Jiya na shiga shagon Auta in tattara masa kaya. Da na sunkuya, sai na hango wayoyina ta hujin ƙusa a jikin kwanon. Bayan akwatin a buɗe yake. Katakon da na ɗaure da kaina babu shi, idon yana kallon shagon Auta ƙuru-ƙuru. Mai faci ya ce Yaya ne ya cire, wai akwatin na zafi, ya sha iska. Ka ga wutar walda tana zuwa tana ɗaukewa, shi kuma ido bai san kwabo ba, haske ya sani. Duk ɗaukewar da ta yi sai ya ɗauka kwabo ne ya wuce.

Na faɗa wa Yaya, ya ce in kai tatsuniyata gaba. Na zaga masu walda ko wani zai zo ya kunna injin Auta a gwada a gaban jama'a, kowa ya ce ba ya shiga rigimar dangi. Auta ba shi da komai a duniya sai shagon nan da sunansa, kuma ni na goya shi. Injin yana nan, sandunan walda suna nan. Na san abin da za ka ce, shi ya sa zan yi kafin amsarka ta iso.

Ka yi mana addu'a.

Taka,
Injiniyarka

Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Kada rubutun ya ba ka tsoro. Ni ke faɗa, Auta ke rubutawa da hagu, don idona a naɗe yake. Ka yi haƙuri da layukan, na tabbata sun fi hanyar da kuke yi karkacewa.

Na jira sai da shagon Yaya ya cika, na kunna injin. Gilashin fuska ya fashe tun faɗan farko, ni kuma ban iya ba, dole in kalli inda nake dangwalawa. Sandar ta yi ta maƙalewa a ƙarfe ina fizga. Yaya ya ji ƙara ya zagayo a guje, ya finciki mayafina, ya naushe ni a kafaɗa har na durƙusa, amma ban saki ba. A durƙushen wutar ta kama.

Sai ga ƙilin ta bayan kwano. Ƙilin, ƙilin, babu tsayawa.

Na ɗaga murya na ce wa mai faci ya rufe bayan akwatin da kwali. Ya rufe, tsit. Na ce ya buɗe, ta ci gaba. Na yi ta yi, hawaye na zuba, don na rantse sai na ƙarshen layi ma ya ji da kunnensa. Hannun Yaya yana kan wuyana, na ji yana saki a hankali. An ce komawa ya yi ya tsaya yana kallon katakon da ya jingine a lungu, sannan ya dunƙule hannu ya yi ta naushin kwanon har ya yanke shi. Ni dai lokacin wani koren abu kawai nake gani.

Zuwa yamma sai ka ce an cika mini ido da yashi. Na yi kuka kamar yarinya, ba zan ɓoye maka ba. Likita ya ce saura kaɗan in makance, amma zai warke.

Ga albishir. Mai shagunan ya ce Auta ya riƙe makullinsa. Masu ƙofofi sun dawo da kayansu, sun ce za su jira shi. Mai shayi ya aiko da shayi, ban sha ba. Yaya yana zuwa ya tsaya a ƙofar ɗakin asibitin nan, ina gane takunsa, bai shigo ba tukuna, ni ma ban ce ya shigo ba. Auta ya ce hannun yana haɗuwa, kwanan nan zai koma aiki. Na yi masa alkawarin sabon gilashin walda, kai za ka saya, ka ji.

Ka dawo lafiya, ina kewarka.

Taka har kullum,
Injiniyarka

Mijin yayata, wannan ni ne Auta, ba ita ta faɗa ba, ta ɗauka ninke takardar nake yi. Likitoci sun cire mini yatsu uku tun shekaranjiya. Ba zan sake riƙe walda ba. Gobe za a kwance mata ido, don Allah ka taho, ban san yadda zan ɓoye hannun ba.