San da Na Zana wa Dillalai

Litinin, 6 ga Mayu 2024, Kpangalam, Sokodé

A rubuta, domin masu tarihi na gaba kada su wahala: yau ni Kamal, mai riƙe da diplom ɗin makarantar zane ta Lomé, na samu aikina na farko bayan wata goma sha ɗaya ina gadin tabarmar mahaifiyata. Ƙungiyar dillalan shanu ta gina sabon ofis, tana son a zana mata sa a bangon gaba. Kawu Jafaru, ƙanin Inna, wanda shi ma dillali ne, shi ya tsaya mini. Ya kuma ɗora sharaɗi a gaban Inna: idan aikin ya karɓu, in ci gaba da fentina, ba mai sake yi mini gori. Idan bai karɓu ba, in ajiye buroshi in bi shi Dapaong sayen dabbobi. Na amince da murya irin ta sarakuna masu sa hannu a yarjejeniya.

Alhamis, 9 ga Mayu

A garin nan fasaha tana cikin shagon Fayçal, kusa da tasha. Yana da kwamfuta da injin buga hoto a tamfol. Mai aski, mai shayi, mai sayar da taya, duk can suke zuwa. Mun yi lekol tare, aji ɗaya a makaranta, ko da'ira ba ya iya zanawa sai da murfin kwalba. Yau ya wuce ni a sabon moto, wato babur, ya kira ni malam da Faransanci, ya ce, "Maître, har yanzu da hannu ake yi?" Na ce masa da hannu ake cin tuwo ma.

Talata, 14 ga Mayu

Ba zan zana musu ƙaton sa mai sheƙi irin na gwangwanin madara ba. Malaminmu na Lomé yana cewa zanen da bai sosa zuciya ba ɓarnar fenti ne. Saboda haka na zaɓi sa ɗaya tilo a ƙarshen rani, kansa a sunkuye, haƙarƙari a fili, rana tana faɗuwa a bayansa. Juriyar makiyayi ke nan, da dukan tarihin wahalarsa. Na rufe bangon da buhuna don kada idon jahilci ya faɗa masa kafin ya nuna.

Lahadi, 19 ga Mayu

Bayana ya ƙage. Haƙarƙarin kaɗai ya ci mini kwana uku. Ban taɓa yin abu mai kyau kamarsa ba.

Laraba, 22 ga Mayu

An yaye buhunan da hantsi. Dillalai kusan ashirin, da shugabansu Alhaji Mamadou a kan kujera. Na shirya jawabi mai sakin layi huɗu, ban kai ga na biyu ba.

Shiru aka yi da farko, na ɗauka girmamawa ce. Sai wani tsoho ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa bangon, ya ce, "Wannan sammore ke damunsa." Wani ya ce a'a, ciwon huhu ne, dubi yadda ya miƙe wuya. Suka shiga gardama a kan cutar da ke kashe sana, kamar ba ni a wurin. Tozo ya kwanta, kunnuwa sun faɗi, gashi ya tashi. Wani mahauci ya ce ko kyauta aka ba shi sai ya nemi wuƙa kafin la'asar.

Alhaji Mamadou bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaro, hannunka yana da kyau, ciwon ya fito sarai. Amma wa zai kawo dabbarsa ƙarƙashin mushe?"

Na fara bayani a kan juriya da hasken yamma. Kawu ya riƙe mini hannun riga.

Asabar, 25 ga Mayu

Sun shafe shi da farar ƙasa.

Talata, 28 ga Mayu

Fayçal ya rataya musu tamfol. Saniya ce baƙa da fari ta ƙasar Turawa, ba tozo, tana tsaye cikin ciyawar da ba a taɓa ganin irinta a yankinmu na Tchaoudjo ba, har da dutsen ƙanƙara a baya. Kowa yana yabawa, wai ta ƙoshi. Shekara uku na yi ina koyon inuwa da haske, ashe ƙiba ake nema.

Inna ta ce, "Alkawari dai ka ɗauka da bakinka." Ta soya mini gyaɗa ta hanya.

Litinin, 3 ga Yuni, Dapaong

Ga muƙamin da ƙasa ta ga ya dace da ilimina. Duk san da Kawu ya saya, ni ke shafa masa jan fenti a cinya, gicciye da ɗigo biyu, don kada ya ɓace cikin na wasu a mota. Wannan shi ne baje kolina na farko a arewa: zane goma sha bakwai, dukansu masu tafiya da ƙafa huɗu, kuma za a yanka su a Lomé. Aƙalla aikina zai isa babban birni.

Alhamis, 13 ga Yuni

Kawu ba ya koyarwa, tambaya yake yi. "Me ka gani?" In na ce ja ne mai kyan ƙaho, sai ya ce, "Ba launi na aike ka ba, ɗan lekol. Hancinsa da danshi ko a bushe? Yana tuƙa?" Sai ya wuce ya bar ni da kunyata. Na lura ba a taɓa sa ni kallon abu tsawon haka ba, ko a ajin zanen jiki. Ba yabo nake yi ba, shaida ce kawai.

Asabar, 29 ga Yuni

Wani ya kawo bijimi fari, ciki fam, Kawu har ya fara taya shi. Ni kuwa idona ya tsaya a bayan haƙarƙari, inda fata ta lotsa ta kama inuwa. Cikin ya cika, amma cinya da gadon baya ba nama. Na raɗa wa Kawu cewa gishiri aka ba shi aka ɗura masa ruwa da safe. Ya zagaya, ya danna, ya saki igiyar.

A wurin mai shayi ya riƙa ba da labarin, yana bugun kafaɗata. "Ɗan 'yar'uwata ne. Lomé ya yi karatu." Wannan ne karon farko da ya ambaci karatuna ba da tsaki ba. Da na san amfanin diplom ɗin ke nan, da na roƙi a buga mini shi a fatar sa.

Laraba, 10 ga Yuli

Ruwa tun safe. Akwatin buroshina yana ƙarƙashin gado, Kawu ya ɗora buhun igiyoyi a kai. Ban ce ya ɗauke ba.

Asabar, 20 ga Yuli

Kasuwa ta cika, mun loda ashirin da uku, shida daga ciki ni na zaɓa, Kawu ko dubawa bai yi ba.

Ina wanke hannu a bakin famfo wani mai aski, Djibril, ya tare ni. Ya ce an gaya masa akwai mai zane daga Sokodé a cikin mutanen Alhaji Jafaru, yana son a zana masa kawunan aski a allo, da hannu, irin na da, don na inji duk kamarsu ɗaya. Ya ce, "Ko kai ne, ɗan'uwa? Ga fenti a hannunka."

Na ce masa a'a, ni dillali ne, wannan na shaidar shanu ne. Na kwatanta masa wani shagon buga tamfol a bayan babbar kasuwa.

Sauri nake yi, shi ya sa. Direba yana jira, kuma akwai wani jan sa da ban yarda da numfashinsa ba.