Gyaran Hannu na Hassane

Litinin, 3 Maris 1997
Hassane ya tsaya gaban darektan furoje, aikinmu na rijiyoyi, ya ce shi ya rubuta manhajar nan Magini. A gabana! Ni da na shafe bara ina zufa a kan ordinatar, wato kwamfuta. Lissafin rijiyoyinmu da yaren ordinatar na C yake, allon da ma'aikata ke gani kuwa Pascal ne, ba sa jin juna. Magini ne ke rubuta gadar da ke haɗa su. Hassane ya sauko daga Yamai da takalmi mai ƙyalli, ya ɗauke.

Laraba, 5 Maris
Ya ce, "Fadilu, kai dai riƙa share disket." To, yallaɓai mushe.

Alhamis, 6 Maris
Allah ya ba ni shi. Ashe bai iya taɓa Magini ba, abin da Magini ya fitar yake gyarawa da hannu. Duk ranar da aka sake kunna shi, gyaran nan ya bi iska. Na fara rarraba Magini gida biyu: mai karanta C daban, mai rubuta Pascal daban. Dole a sake kunnawa. Ba zan ce uffan ba.

Litinin, 10 Maris
Masu ba da tallafi za su zo Alhamis. Hassane kwantaragi gare shi, in allo ya mutu a gabansu sai tasha. Daɗi har kunne.

Talata, 11 Maris
Na buɗe gyare-gyarensa don in yi dariya. Ban yi ba. Sunayen rijiyoyin yankin Alakoss masu tsawo suna guntulewa a tsakanin yarukan biyu, rijiya biyu su zama ɗaya, guda ta ɓace daga layin yasar rijiya. Abin da yake gyarawa ke nan. Mamadu direba ya ce, "Ai Hassane da kansa ya bi su, rairayi har gwiwa, takalmin nan a hannu." Ɓarawo dai ɓarawo ne.

Alhamis, 13 Maris
Allo bai mutu ba. Jiya na kwashe gyaransa na zuba cikin Magini, don rijiyoyi, ba don shi ba. Amma yanzu kowane shafi Magini ya fitar, a samansa: "Fadilu ne ya rubuta." Hassane ya goge da safe, rubutun ya dawo. Ya sake gogewa, ya dawo. Darekta ya karanta da ƙarfi, ya dube shi. Hassane ya sunkuyar da kai.

Juma'a, 14 Maris
Bai gaishe ni a masallaci ba. Oho. Bai ma duba layi na biyu ba, inda na sa: "Sunayen rijiyoyi: Hassane." Da ƙananan baƙaƙe dai.